Gidan Biskit ɗin Citta da Yaron da Ba Ya Cin Alkama

Ƙannena, musamman ku da kuka kama sana'ar gashin kek a Kano da Kaduna da Jos, da ku da karatu ya kai Jamus ko Ingila ko Amurka, akwai wani aiki da watan Disamba ke zuwa da shi, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani zai ce ku yi masa. Ɗan ƙaramin gida ne da ake ginawa da biskit mai citta da zuma, a liƙe bangayensa da farin kwaɓin sukari, a jera masa alewa a rufi, a ajiye shi a falo har Kirsimeti ta wuce, sannan yara su taru su rushe shi su cinye. Kun sha ganin hotonsa a waya. Maganata a yau a kan ranar da mai ba ku aikin zai ƙara da cewa, "Amma fa akwai yaro a gidan da ba ya cin alkama." Daga nan aikin ya zama amana. Wanda zai ci bai ga inda aka niƙa garin ba, bai ga rariyar da aka tankaɗe shi ba, bai ga hannun da ya kwaɓa ba. Abin da kuka gaya masa shi zai ɗauka, shi kuma zai sa wa ɗansa a baki.

Al'adar ta Jamusawa ce. Birnin Nurembag ya yi suna da biskit mai kayan yaji tun ƙarshen ƙarni na 14, domin yana kan hanyar fataken da ke hawowa da kirfa da kanumfari da citta daga kudu, ga kuma daji kewaye da shi cike da masu kiwon zuma. A shekarar 1812 wasu 'yan'uwa biyu, Yakob da Wilhelm Grimm, suka buga tarin tatsuniyoyin ƙasarsu. A ciki akwai ta Hansel da Gretel, wa da ƙanwa da yunwa ta sa iyayensu suka yar da su a daji, suka yi ta gararamba har suka iske wani gida da aka gina da burodi, rufinsa kek, tagoginsa sukari. Suka hau ci, ashe mayya ce a ciki, da gidan take farautar yara. Tatsuniyar ta ƙara yaɗa ginin irin wannan gida, Jamusawan da suka yi ƙaura kuma suka tafi da shi Amurka. A yau a birnin Bergen na ƙasar Norwe, tun 1991, 'yan makaranta da iyalai kan haɗu duk shekara su gina gari sukutum da biskit, da jiragen ruwansa da gadojinsa.

Ba ibada ba ce, wasan yara ne da ado. Wanda ke bikin zai yi don gidansa, wanda ba ya yi yana iya yi wa maƙwabci ko mai saye, yadda aka saba miƙa wa juna shinkafar Kirsimeti da naman Sallah a unguwannin da ake zaune tare. Cittar kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Kachia da Kwoi da Kagarko a kudancin Kaduna su suka sa Nijeriya cikin manyan ƙasashen da ke noma ta a duniya, duk da annobar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabi.

Ku riƙe tatsuniyar Hansel da Gretel a zuciya, domin ga yaro mai cutar siliyak, gidan da aka gina da fulawa haka yake: kyakkyawa a ido, mai daɗi a baki, cuta a ciki.

A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, akwai wani furotin mai suna gulutin. Yawancin mutane suna cinsa lafiya lau. Amma kusan mutum ɗaya cikin kowane 100 a duniya, da zarar gulutin ya isa ƙaramin hanjinsa sai garkuwar jikinsa ta juyo ta yaƙi hanjin. Cikin hanji shimfiɗe yake da wasu 'yan tsirai masu laushi, su ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Yaƙin nan yana shafe su. Sai yaro ya ci ya ƙoshi amma jikinsa bai samu komai ba: ga gudawa, ga kumburin ciki, ga ƙarancin jini, ga rama, ga tsumburewa, sa'anninsa su yi tsawo su bar shi. Wani kuma ba a ganin komai a waje, ɓarnar tana ta tafiya a ciki. Wannan ita ce cutar siliyak. Ba ƙwaya, ba allura. Maganin ɗaya ne, a bar gulutin har ƙarshen rayuwa.

Yadda aka gano haka ma da yunwa aka gano. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya daɗe yana zargin alkama. Da aka shiga hunturun 1944 zuwa 1945, yaƙi ya toshe hanyoyin abinci, burodi ya ɓace a yammacin ƙasar, mutane suna mutuwa da yunwa, sai ya ga yaran da ke fama da wannan cuta su kuma suna murmurewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta abin da ya gano, daga nan aka san hanyar kula da su.

Kada wani ya ce muku ciwon Turawa ne. Ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya a Afirka aka same shi, a tsakanin yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya, inda binciken da aka buga a 1999 ya nuna fiye da kashi 5 cikin 100. Mu ma nan cimarmu ta sauya. Kakanninmu tuwon dawa da fura da kunu suka tashi da su, mu kuwa da safe burodi, da rana taliya, da dare Indomie. Yaro ya yi ta zawo yana ramewa, a ce haƙori ne, a ce shawara, a ce basir, a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe. Ba na ce duk mai zawo wannan ciwo gare shi ba. Cewa na yi akwai gwajin jini da ake yi, a bi shi da duba hanji in likita ya ga dama, kuma sharaɗin gwajin shi ne mutum yana kan cin alkama lokacin da aka yi shi. Wanda ya yanke wa kansa hukunci ya daina ci kafin ya je asibiti ya ɓata sakamakon. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wanda kuma lafiyarsa ƙalau, ya bar burodi don ya ga ana yayi a Instagram, bai ƙara wa kansa komai ba sai kashe kuɗi.

Shawarata ta farko ita ce gida ɗaya za ku gina, kuma gaba ɗayansa babu alkama. Wasu kan gina babban gida da fulawa don "sauran yara", su gasa ɗan biskit uku a gefe don mara lafiya. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma ku dubi abin daga inda yaron yake tsaye. Shekara guda yana jin "kar ka taɓa": a makaranta, a bikin suna, a gidan kawunsa. Ranar da kowa ke lasar yatsa yana liƙa alewa, shi an ba shi nasa a ɗan faranti an ce ya matsa gefe. Ɗan shekara shida ba ya jin bayanin hanji, abin da ya gani shi ne an ware shi. Ga kuma haɗarin da ke cikin kwaɓi iri biyu a kicin ɗaya. Sauran yaran kuwa ba za su ma san an canza gari ba, domin citta da kirfa da zuma sun rufe komai.

Sai mu shiga kicin. Kafin ku cire wani abu daga girki, ku fara tambayar aikin da yake yi. Idan fulawa ta sha ruwa aka murza ta, gulutin yana saƙa wasu zaruruwa masu danƙo da ke riƙe kwaɓin. Aikinsa irin na ciyawar da magina ke tattakawa cikin laka ne: ita ke hana bango tsagewa in ya bushe. Garin shinkafa da na dawa da na gero da na masara da acha da rogo duk ba su da shi, shi ya sa suka dace da yaron, shi ya sa kuma in kun kwaɓa su su kaɗai kuka murza, sai abin ya yi ta marmashewa a hannunku. Dole a nemo abin da zai riƙe. Masu gashi a waje suna amfani da wani farin gari mai suna zantan, wanda ake samu a shagunan kayan kek na manyan garuruwa. Ɗan kaɗan ake sawa, in ya ji ruwa sai ya yi yauƙi ya kama garin. Dabarar ba sabuwa ba ce a wurinmu. Duk wadda ta taɓa kwaɓa ɗanwake ta san dalilin sa kuka: in babu ita, da an jefa a tafasasshen ruwa zai watse. Kukar dai ba ta dace da biskit ba, za ta ba shi kore da ɗanɗanon miya, amma aikin ɗaya ne.

Rashin gulutin yana da nasa alheri. Kwaɓin fulawa in kun murza shi yakan ja da baya, bangon da kuka yanka santimita 15 ya fito daga wuta ya gajarce ya karkace, kuma in kun sake haɗa ragowar kun murza sai ya yi tauri. Wannan kuwa inda kuka ajiye shi nan yake zama, ku sake murza shi sau nawa kuke so. Lahaninsa gautsi. Bango mai faɗi in an ɗauke shi da zafi karyewa yake yi.

Gari ɗaya ba ya isa. Na shinkafa ke ba da ƙarfi, amma in bai niƙu ba sai a ji tsaki-tsaki a haƙori. Na farar dawa ke ba da ɗanɗano da launi. Sitacin rogo ke haɗa su ya ba biskit ɗin garɗi. Ga awon da zai ishe ku ƙaramin gida har da ragowa: garin shinkafa mai laushi giram 250, garin farar dawa giram 150, sitacin rogo giram 100, zantan ƙaramin cokali biyu, bota giram 130, mazarƙwaila da aka daka giram 150, zuma giram 170, ƙwai ɗaya, garin citta babban cokali ɗaya, kirfa ƙaramin cokali biyu, kanumfari rabin ƙaramin cokali, gishiri kaɗan. Ku sayi sikeli. Awon kofi da gwangwani yana yi wa fulawa daidai domin hannu ya saba da ita, amma waɗannan garuruka kowanne da nauyinsa. Mazarƙwaila kuwa na zaɓe ta da gangan: Turawa da baƙin ruwan rake suke yi, ita ce 'yar'uwarsa a kasuwarmu, kuma ita za ta ba gidan jan launin nan mai duhu. Bekin foda ku bar shi a kan kanta. Bango kuke so, in ya kumbura ba zai zauna daidai ba.

Yanzu ga wurin da na fi so ku tsaya, domin a nan ne mutanen kirki ke cutar da yaro ba su sani ba. Ƙa'idar duniya ta ce abinci ba ya amsa sunan mara gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Ku yi lissafi da ni. Ƙaramin cokali ɗaya na fulawa kimanin giram 3 ne, kusan kashi 10 cikin 100 nasa kuma gulutin ne. Kwaɓinku kusan kilo guda ne. Wato cokalin nan ɗaya ya ninka iyakar fiye da sau goma. Abin da ya maƙale a idon rariya kaɗai ya isa.

Ku je ku tsaya a gidan niƙan unguwarku na ɗan lokaci ku gani da idonku. Ga robobi a layi: ta farko alkama ce za a yi alkaki, ta biyu taku ce. Mai inji ya juye alkama, ta fita, ya bubbuga bakin injin da tafin hannu sau biyu, ya ɗauki shinkafarku ya juye a kai. Farin garin da ya fara zubowa cikin robarku na mai alkama ne. Gashin girarsa fari fat, bangon shagon fari fat, ƙurar tana yawo tana sauka a kan komai. Ba laifinsa ba ne, haka sana'ar take, kuma ko kun roƙe shi ya wanke, akwai lungunan injin da hannu ba ya kaiwa. Garin da ya bi ta nan bai dace da yaron ba, ko da shinkafa ce zalla kuka kai. Haka garin da ake aunawa a kasuwa da mudu ɗaya daga wannan buhu zuwa wancan. Ko dai ku sayi na leda da aka rubuta a jikinsa cewa babu gulutin, ko ku tsince hatsin da kanku, ku wanke, ku shanya, ku niƙa a gida da bilenda mai tsabta, ku tankaɗe da sabuwar rariya. Kayan yajin ma ku saye su ɗanye ku daka da kanku, domin garin citta na awo ba ku san abin da aka ƙara masa don ya yi auki ba.

A kicin ɗinku ma haka. Ranar da za ku yi wannan aiki, kada a buɗe buhun fulawa, domin ƙurarta takan daɗe a iska kafin ta sauka. Ku yi shi da safe kafin komai, bayan an goge teburi da ruwa da sabulu. Katakon murji da muciya da duk abin itace da ya saba da fulawa ku ajiye su, itace yana da ƙofofi. Kwalba wankakkiya ta fi muku. Botar da aka taɓa tsoma wuƙar burodi a ciki ita ma ta fita. Kuma hannu ya saba: in kwaɓi ya liƙe, kafin ku yi tunani kun kai hannu ga fulawa za ku barbaɗa. Ku fitar da ita daga ɗakin gaba ɗaya.

Kwaɓin kansa ba wuya. Ku narka bota da mazarƙwaila da zuma a wuta kaɗan, ku tace saboda tsakuwa, ku bari ya huce sosai kafin ku fasa ƙwai. Ku gauraya busassun kayan da kyau, musamman zantan, in ya dunƙule wuri ɗaya sai ya zama ƙulli. Ku haɗa. Zai fito da laushi har ku ce kun yi kuskure, kada ku ƙara gari. Garin shinkafa a hankali yake shan ruwa. Ku naɗe a leda ku sa a firij ya kwana. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, kula da ƙanƙara za ta yi. Da safe za ku same shi ya kama jikinsa. In ya tsage wurin murzawa, ruwa cokali ɗaya ya wadatar.

Kafin ku kunna wuta, ku fara gina gidan da kwali. Bangayen gefe biyu, tsawo santimita 15, tsayi 8. Na gaba da na baya, faɗi 10, tsayi 8 a gefe, su tashi su yi tsini a 14. Rufi biyu, 17 da 9 da rabi. Ku haɗa su da salatif ku ga sun zauna. Na san zuciya za ta so bene mai hawa biyu irin na hoto. Ku bari sai baɗi. Ku murza kwaɓin tsakanin takardar gashi biyu, kaurin milimita 6, ku ɗora kwalin ku yanka, sannan ku cire abin da ke kewaye ku bar bangon a inda yake. Takardar za ku ja zuwa kan tire, kada ku ɗaga bangon da hannu. Ku yanke ƙofa da tagogi tun yana ɗanye, ku gasa bango ɗaya da rufi ɗaya na ko-ta-kwana.

Wuta digiri 165, minti 15 zuwa 20, domin zuma tana saurin ƙonewa. Ku bar shi ya gasu fiye da biskit ɗin ci, har gefensa ya yi duhu. In kuna son taga mai gilashi, ku daka minti mai haske ku zuba a ramin tagar minti biyar kafin ku sauke, zai narke ya cika wurin. Masu gashi da tukunya da yashi su ƙara rage girman gidan, saboda zafin tukunya ba ya kai ko'ina daidai. Da an fito da shi, tun yana da taushi, ku sake ɗora kwalin ku daidaita gefuna da wuƙa. Daga nan ku ɗauke hannunku har ya yi sanyi ƙalau, in da hali ya kwana. Gefen da ya karkace, abin goga kuɓewa zai miƙar da shi a hankali.

Simintin ginin, wato aisin, farin ƙwai ne da niƙaƙƙen sukari: farin ƙwai biyu, sukarin aisin kimanin giram 450, ɗigon lemon tsami. Ku buga har in kun ɗaga cokali tsinin ya tsaya bai rusuna ba. Ku karanta jikin kwalin sukarin, ana sa masa sitaci don kada ya dunƙule, galibi na masara, amma a wasu ƙasashe na alkama ne. Ɗanyen ƙwai kuma yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke sa amai da gudawa, don haka in ƙananan yara ko mai juna biyu za su ci, ku nemi garin farin ƙwai na shagon kayan kek. Akwai masu liƙewa da narkakken sukari, yana kamawa nan take, amma zafinsa ya haura digiri 150, in ya ɗiga a fata da fatar yake tashi. Ba aikin da ake yi yara na kusa ba ne. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi komai mai zuma, ko gasasshe ne.

Ku zuba aisin a leda ku huda kusurwa, ragowar ku rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ku tsayar da bangaye huɗu a kan faranti mai faɗi, ku tokare su ciki da waje da gwangwanayen madara, ku cika kusurwoyin ta ciki inda ido ba ya gani. Sai ku tafi harkarku. Mafi yawan gidajen da suka faɗi, rufi aka ɗora musu bango bai ƙame ba. Aƙalla awa huɗu, sannan rufi, shi ma a tokare shi ya kwana kafin a ɗora masa ko alewa ɗaya. In kun lissafa, kwana ɗaya na kwaɓi, ɗaya na gashi, ɗaya na gini, ɗaya na ado. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo muku ranar 23 ga Disamba yana so gobe, ku ba shi haƙuri. Mu na arewa hunturu ya yi mana gata, busasshiyar iska tana ƙamar da aisin da wuri ta bar biskit da ƙarfinsa. Wanda ke Legas ko Fatakwal, inda iska ke da laima, zai ga bangonsa yana yin laushi cikin 'yan kwanaki, sai ya gina dab da ranar.

Bayan duk wannan wahala, a wurin ado ake yawan zubar da ita. Cakulan mai wefa a ciki alkama ce. Mai ɗanɗanon malt sha'ir ne. Baƙar alewar nan mai kama da igiya da Turawa ke so, da fulawa ake yinta. Har wasu 'yan ƙwayoyin cakulan masu launi-launi akwai fulawa a ɓawonsu. Ko shahararren biskit ɗin Nurembag mafi tsada, wanda kusan duka 'ya'yan itace ne da ɗan gari kaɗan ko babu, a kan wata siririyar farar waina ta alkama yake zaune. Ku da ke Turai an sauƙaƙa muku: tun 2014 doka ta tilasta a fito da sunan alkama da sha'ir ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi, akwai kuma tambarin zangarniya da aka ja wa layi. Ku karanta kowace leda, ko da kun saya bara, domin kamfani yakan canza haɗi. Wanda ke kiyaye halal ya duba alewa mai taushi kamar roba, da yawa da jelatin na alade ake yinta. A gida kuwa kuna da abin da ya fi: dabino a yanka ya zama tubali, kantun riɗi a fere shi siriri ya zama rufi, gugguru da gogaggiyar kwakwa su zama dusar ƙanƙara, gyaɗa ta zagaye ƙofa in an tabbatar ba wanda take yi wa illa. Gullisuwa da alewar madara ku yi da kanku, ko ku tambayi mai yi abin da ta zuba.

Adon ku bar wa yara. Za su liƙa abu a karkace, za su cika gefe ɗaya su bar ɗaya, rabin alewar a ciki za ta ƙare. Ku kama bakinku. In hoton talla kuke so, ku gina wani daban ku yi masa yadda kuka ga dama.

Ku masu sayarwa, in kicin ɗinku kullum cikin fulawa yake, obin ɗaya, tire ɗaya, yaran aiki suna shiga suna fita, ku faɗa wa mai saye haka ƙarara: "Hajiya, ban sa alkama ba, amma a inda nake aikin alkama na yi." Ita ta san ciwon ɗanta, ita za ta yanke. In ba za ku iya tsayawa kan sharuɗɗan ba, ku ce ba za ku iya ba, cinikin rana ɗaya ne ya wuce ku. In kuma kun iya, ku sa kuɗin wahalarku ba kunya, ku rubuta duk abin da kuka zuba a takarda ku liƙa a jikin kwali, har da sunan kamfanin garin da na alewar. Uwar irin wannan yaro ta gaji da jin "ai ba komai, ɗan kaɗan ne". Ranar da ta ga takardar nan ta samu wurin zuwa, za ta kuma gaya wa irinta.

Saura ranar rushewa. Gidan da ya yi mako biyu a falo ya sha ƙura ya bushe, ga kiyashi, don haka ku rufe shi da leda mai haske in dare ya yi, ragowar kwaɓin kuma ku gasa shi ƙananan biskit ku adana a roba mai murfi, su ne na ci na gaske. Ranar biki teburi cike yake da cincin da kek da fanke, yara suna ɗauka da hannu suna guje-guje. Ku ajiye gidan a wani teburi daban. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa. Ku bar yaron ya fara ɓalle rufin, a ɗebar masa rabonsa a tasa robar a rufe a rubuta sunansa, sannan a saki sauran. Abin da ya riga ya hau tire ɗaya da cincin kada a mayar masa da shi.